Rasuwar Hadari, Manhajar da Rashin Sallama Ya Kashe

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, gwargwadon yadda tawa take iyawa, ni Abdulgani Zayyanu na Gwandu ina sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar Hadari, manhajar waya da na rubuta da hannuna. Ta rasu ranar Laraba da hantsi a Dangoma, ƙasar Kalgo, a gaban manoma, a hannun kawuna Alhaji Tambari.

An haifi marigayiya a ƙasar waje, a ɗakina na ɗalibi. Aikinta ɗaya ne: ta gaya wa manomi ko za a yi ruwa, kafin ya shanya shinkafarsa. Ba ta cin data. Ba ta zafafa waya. Ba ta taɓa tallan kowa ba. Idan labari ya iso takan yi kukan zabuwa, ƙurƙet-ƙurƙet, wanda na ɗauka daga bakin zabuwar kakata Inno.

Da na dawo gida, Kawu ya yanke mini sharaɗi. In manhajar ta yi aiki a gaban ƙungiyar manoma, a bar ni da kwamfutata. In ta gaza, in bi shi gonar albasa a Ceberu. Na yarda, don ban taɓa ganin ta yi ko tari ba.

Ashe da ciwonta aka haife ta. Kowace manhaja gida ce mai maigida ɗaya, kuma shi kaɗai ke da ikon taɓa abin da ke fuskar waya. Yana da 'yan aike da ke fita ta baya su ɗauko labari a intanet. Ƙa'ida ita ce ɗan aike ya tsaya a zaure, ya yi sallama, ya miƙa saƙo, maigida ya shiga da shi. Ɗan aiken Hadari kuwa kai tsaye yake faɗawa cikin gida ya rubuta a fuskar da kansa. Can inda na yi karatu sabis na gudu, yakan je ya dawo tun ba a gama ginin gidan an kafa ƙofa ba, babu wanda ya taɓa kama shi. A Dangoma sabis tafiyar jaki yake yi. Ɗan aike ya daɗe, ya dawo ya tarar gida ya kammala, ya kutsa yadda ya saba. Wayar ba ta ɗaukar wannan raini. Nan take ta rufe gidan da kowa a ciki.

Marigayiya ta yi rabin kuka, ƙur, sai fuska ta yi fari. Kawu ya girgiza wayar, ya ɗaga ta sama, ya ce, "To ɗana, mi ta ce? A shanya ko kar a shanya?" Ba ta ƙara cewa komai ba.

Da na yi wa Inno bayani, ta ce, "Ashe rashin sallama ya kashe ta. Wa ya rene ta?" Ni na rene ta. Ta sani.

Ta rasu ta bar ni, da caja mai lanƙwasasshen baki, da zabuwar Inno wadda har yanzu take kuka ba tare da sabis ba. Ta kuma bar ƙanwa, Hadari ta biyu, wadda na koya wa ɗan aikenta tsayawa a zaure cikin layi ɗaya tak. Tana aiki lafiya. Na nuna wa Kawu, ya ce ya gani, Allah ya raya ta, amma magana a kan ta farkon aka yi.

Za a goge marigayiya daga wayoyi ranar Juma'a bayan la'asar, a ƙofar gidanmu. A danna a riƙe, sannan a saki. Inno ta ce ba mai taɓa tata wayar. A ƙyale ta.

Zaman karɓar gaisuwa daga Asabar ne, a gonar albasa da ke Ceberu. Za a same ni a kunya ta ƙarshe. Mai zuwa ya zo da fartanyarsa.