Tikitin Gunvor na Zuwa da Dawowa

"Lafiya lau na kwana, ɗan sanda. Kai fa, ka gama gadin ƙofar tawa ko da saura?"

Da wannan Gunvor ta amsa gaisuwar jikanta Sindre a zauren saman jirgin ruwa, inda masu yawon buɗe ido suka jeru a gaban taga tun kafin gari ya gama wayewa. Ni ina kujerar bayansu da burodina da cuku a takarda, zan koma gida Sildvær. Gunvor maƙwabciyata ce. Tun hunturu 'yarta Tordis ta ɗauke ta zuwa Bergen aka yi mata aikin ƙugu, daga nan kuma aka ce ta bar tsibiri ke nan, wai tsohuwa ba ta zama ita kaɗai. Don a lallashe ta aka saya mata tikitin rangadi zuwa arewa da dawowa, aka haɗa ta da Sindre. Umarnin uwarsa guda ne: ta ga gida, ya dawo da ita. Wallahi yaron tausayi ya ba ni.

"Rakiya nake yi, Kaka, ba gadi ba. Ga ma tsaraba na sayo miki a shagon jirgi."

Ta juya 'yar ledar gaba da baya. "Mene ne wannan?"

"Busasshen kifi. An rubuta na asali ne."

"Ka ji ɗan Bergen. Ni da na tsufa ina rataye kifi, ni za a sayo wa kifi mai hoton kwalekwale a jiki? Wannan a gidanmu kyanwa ake jefa wa, ita ma sai ta shinshina ta harare ka."

"Kyanwarku ai hancinta ya daɗe da mutuwa. Ban taɓa ganin garin da ake jin sa kafin a hango shi ba sai naku."

"Warin nan shi ya biya maka makaranta, ka fito ba ka san kan kifi da wutsiyarsa ba. Jiya wa na gani ya durƙusa gaban ƙato mai gemun igiya, ana zuba masa ƙanƙara ta ƙeya, yana tsalle Jamusawa na tafi?"

"Al'ada ce. Duk wanda ya tsallaka layin arewa na taswira, inda yankin ƙanƙara ya fara, sai an yi masa."

"Layin da aka haife ka a bayansa? A ɗakina uwarka ta sauke ka."

"Har takardar shaida suka ba ni."

"Da cokalin man hantar kifi, na gani. Kana ƙarami sai na danne ka da gwiwa nake ɗura maka, kana ihu maƙwabta na leƙowa. Yanzu kai da ƙafarka ka bi layi ka hangame baki."

"Su da murmushi suke bayarwa, ke da zagi. Kuma ke da kika ce abincin jirgi na marasa haƙori ne, me ya kumbura miki jaka? Dafaffen ƙwai, cuku, har da man shanu. Kyaftin ya ce duk ɓangaren da kika zauna jirgin karkacewa yake yi."

"Guzuri ne."

"Guzurin ina? Har Bergen ciyar da mu za a yi."

Gunvor ta mai da ido taga. Duwatsunmu sun fara bayyana, ga rumfunan shanya kifi a bakin gaɓa. Aka yi sanarwa cewa tsayawar gajera ce, wanda ya sauka kada ya yi nisa, jirgi ba ya jiran kowa. Masu yawon buɗe ido, masu jajayen riguna, suka yi dafifi a ƙofa, kowa da kyamara, za su ɗauki hoton abin da mu muke toshe wa hanci.

A kan tsani Sindre ya riƙe mata hannu. "Kaka, mu yi ta a fili. Ki sha iska, ki gaida jama'a, mu koma. Akwatinki yana ɗakina a kulle, don na san halinki."

"Ka kyauta. Ka kula da shi sosai, tawul ɗin jirgi ne a ciki, kada su ce ka sata."

Abin da Tordis da ɗanta suka manta, don zaman kudu ya shiga jikinsu, shi ne kafin jirgin nan ya zama otal ɗin masu kyamara, motar kayanmu ne. Har yau baƙi na sauka ta sama, kayanmu na fitowa ta ƙofar ciki. Muna tsaye aka fito da buhunan dankali, injin kwalekwale, firijin wani, sai ga kujera mai lilo an naɗe ta da bargo, da manyan kwalaye a gefenta.

"Kaka, waccan ba kujerarki ba ce?"

"Kama ce."

"Ga sunanki a jiki."

"To ita ce."

"Yaushe kika yi wannan?"

"Ranar da uwarka ta tafi aiki ta ce in kwanta in huta. Tasi na kira, muka kai su wurin awon kaya. Ɗan Jorunn 'yar garinmu ne ke aiki a can, ko tambaya bai yi ba."

"Mama za ta kashe ni."

"Ba za ta iya ba, rowa gare ta. Ka san tsadar akwatin gawa a Bergen?"

Bai yi dariya ba. "In kin faɗi fa, ba kowa a gidan?"

"Can ma faɗuwar zan yi, yaro, sai dai a bene na sama, cikin mutanen da ba su san sunana ba. Nan in hayaƙi bai tashi a gidana da safe ba, Ragnhild za ta leƙo, ko don Allah ko don gulma."

Ta nuna ni da haɓa. Gaskiya ta faɗa, duka biyun, kuma sai da idona ya ciko.

Jirgi ya yi kuka na farko. Masu jajayen riguna suka fara gudu suna komawa. Sindre ya dubi tsani, ya dubi tsohuwar da ta kafe sandarta a ƙasa, sai ya fashe da dariya har yana dafa gwiwa.

"Kin ci, tsohuwa. An turo ni gadin ɓarauniya, ta sace kanta ina kallo."

Ya sunkuya ya saɓa kujerar a kafaɗa, ya nufi hawan gidanta.

"Kai, jirginka zai tafi."

"Ya tafi, gobe wani zai zo. Gidan da ya yi hunturu a rufe, wa zai hura miki wuta?"

"To riƙe ta da kyau. Ta girme ka, kuma ta fi ka amfani."

Ana janye tsani wayarsa ta fara ƙara a aljihu. Ba mai buƙatar a gaya masa wace ce.

"Ɗauka mana, ɗan sanda. Shugabarka ce."

"Hannuna biyu suna kan kujera, Kaka."

"Kada ka sauke ta," in ji Gunvor, "hawan da nisa."