Nomau Ya Ƙi Tashi Daga Tabarmar Ces

A garin Kwarin Goje an yi wani mutum, Nomau, yana zaune da yayarsa Tabawa da wani tsohon jaki. Abin da ka faɗa wa Nomau shi zai yi, ba ragi ba ƙari. Da Malam Hashimu na makarantar boko ya kawo allon ces gindin ceɗiya, wato darar nan mai sarki da doki da sojoji, sai Nomau ya ce shi ma sai ya buga. Sallau mahauci, gwanin tabarmar da ake wasan a kai, ya ce ba da Nomau ba.

Wata rana Malam ya ce, "Nomau, kome za ka yi, ka tsare sarkinka." Ana fara wasa Nomau ya ɗauke sarkin, ya jefa a hula, ya kifa a kai. Ya ce wa Sallau, "To, zo ka ci shi." Aka yi ta kokawa da hular, ya koma gida da yagaggiyar riga. Tabawa ta ce ya haƙura haka nan. Ya ce, "Yaya, ko ba riga zan koma."

Wata rana kuma Malam ya ce, "Ka riƙa duban allo daga inda abokin wasanka yake." Nomau ya tashi, ya zagaya, ya zauna daram a cinyar Sallau. Sallau ya ture shi, yana huci ya ce, "Ranar kasuwa za mu buga a gaban kowa. In na kashe sarkinka kafin kiran la'asar, kai da tabarmar nan har abada."

"Na ji. Ka zo da wuri."

Ranar kasuwar Malam ya ja Nomau gefe. "Abu ɗaya kawai. Kafin ka taɓa kome, ka tambaya: me abokin wasana yake ƙulla mini?"

Wasa ya yi nisa, Sallau ya tura soja bakin dokin Nomau, ya kau da kai kamar bai gani ba. Nomau ya naɗe hannu.

"Sallau, me kake ƙulla mini?"

"Kai, buga mana!"

"Sai ka faɗa."

Mutane suka tuntsire da dariya. Malam ya dafe kai. Nomau ya sake tambaya, ya kuma sakewa, har Sallau ya ƙule. Shi kuwa ba ya iya ɓoye gwaninta. Ya ce, "Wawa! Ka ci sojan nan, sarauniyata ta faɗo nan, sarkinka ya mutu!"

"Ashe! To, ba na ci."

Ya janyo dokinsa ya toshe hanyar. Sallau bai gama shirya wani tarkon ba ladan ya ɗaga murya da kiran la'asar.

Nomau ya gyara zama, ya miƙe ƙafa a tabarma. "Je ka yi alwala, Sallau. In ka dawo ina da sauran tambaya."