Idon Ɗan Fari a Ɗakin Hajiya Ishatu

"Lafiya lau, alhamdu lillahi. Da ma kalau muka tashi, sai yanzu da wannan goshin naka ya tare mana hasken ƙofa."

"Amarya ke nan! Mijinki ya taso tun daga Kwangila cikin rana, ko ruwa babu, sai baƙar magana?"

"Miji? Ai ni na fita daga aurenka tun ranar da ka yi mini fitsari a zanen Sallah. Shigo, ka cire wannan takalmi mai kama da kwalekwale."

Hajiya Ishatu ke nan da jikanta Khubaib, wata rana da hantsi, a gidanta na Tudun Wada. Bakinta na zuba, amma idonta na kan kwalin da ya rungumo. Ta san abin da ke ciki, kuma tun kafin ta gan shi ta tsane shi. Makon jiya santsi ya kwashe ta a bakin ƙofar ɗaki, ta kwanta a nan tun azahar ta kasa tashi, har Allah ya kawo Fiddausi matar maƙwabci aron rariya. Da labari ya kai Abuja, ɗanta Yusha'u, uban Khubaib, ya yanke hukunci: ko a kafa kyamara a gidan yau, irin wadda ke sa wayarsa ƙara da zarar an motsa, ko gobe ya turo mota a kwashe ta. Hajiya kuwa ta taɓa ɗanɗana zaman Abuja. Gida tsit kamar asibiti, ba mai leƙowa ya ce ina kwana. Ta riga ta ƙudura a ranta, daga gidan da marigayi Malam Kailani ya bar ta, sai dai makara.

To ai sai a kafa, in ji wanda bai san dawan garin ba. Yusha'u ɗan fari ne. Tun da ta haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa cin abinci yana kallo ba, ko ƙafa ba ta miƙewa a gabansa. Haka aka raine ta. Yau ga idonsa an kawo a kwali za a manna mata a bango.

Khubaib ya zaro abar, fara sol, da baƙin ido ɗaya a tsakiya.

"Kai, ai kamarku ɗaya," in ji Hajiya. "Kai sanƙo, ba wuya."

"Ta fi ni kirki, ita ba ta barci. Kina ɗaga ɗan yatsa, wayar Baba ta yi ƙara."

"Wato shi mutumin Abujan ba shi da aikin yi? An ba mutum ofis da direba, ya zauna yana jiran tsohuwa ta yi atishawa."

Khubaib ya jingina tsani a bangon uwar ɗaka, ya nuna saman ƙofa.

"Nan ya fi. Tana ganin gado, tana ganin darduma."

"Gado? Sauko, ɗan nema! A gidan uban wa ka ga uwa ta kwanta ɗan fari na kallo?"

"Ai taimakon jama'a ne. A ɗauki minsharin nan naki a tura wa hukuma. Mutanen Tudun Jukun sun daɗe suna zaton injin niƙa ne."

"Ni ba na minshari. Tasbihi nake yi."

"Tasbihin da ke kaɗa kwanon rufi?"

"Sauko, na ce, kafin in janye tsanin nan uwarka ta rasa ɗa, ni in huta."

Ya sauko yana dariya, ya ja tsanin zuwa falo, ya tsaya a kusurwar da ke kallon kujerarta.

"To nan fa? Falo ai na kowa ne."

"A wannan kujera nake cin tuwo."

"Sai me?"

"Sai me? Tun da aka yaye ubanka bai taɓa ganin loma ta shiga bakina ba. Yanzu da furfura ta cika masa kai za ka nuna masa?"

"Gara ya gani. Shi yana can yana tausayinki, wai Inna ba ta cin abinci. Bai san malmala uku ke ɓacewa ba, har da kankare tukunya."

"Ƙarya kake, mai bakin kwarya! Kai ne dai ke zuwa ka share mini tukunya, ka koma ka ce wa 'yan mata kai injiniya ne. Injiniyan ɗaura ido a ɗakin tsohuwa."

"Kishi kike."

"Da wa? Wace mai tsautsayin ce za ta kalle ka sau biyu? Kuma ka tsaya in tambaye ka. Fiddausi da sauran matan layin nan, a falon nan suke yar da mayafi a yi kitso, a yi hira. Matan mutane ne fa. In mazansu suka ji akwai wani ƙato a Abuja yana kallo, wa zai sake barin matarsa ta taka gidan nan? Ka ga an kawo mini Abuja har gida ke nan, ba sai an turo mota ba."

Nan Khubaib ya sosa ƙeya. Ya ɗora kyamarar a kan tebur, ya jona ta da wuta, ya juya ta wajen taga don ya gwada. Iska ta kaɗa labule, wayar Khubaib ta ce ƙil. Fanka ta juyo, ƙil. Wata kaza ta leƙo ta koma, ƙil.

Hajiya ta matso. Ta ɗaga mafici a gaban abar, ƙil. Ta sauke, ƙil. Dariya ta kusa ƙwace mata, ta danne.

"Ashe wawiya ce. Ba ta san bambancina da kaza ba."

"Ni ma wani lokacin sai na duba da kyau."

"Za ka ci ƙaniyarka. Wallahi ka kafa ta inda ban so ba, tun safe zan ɗaura ɗamara in yi ta rawa a gabanta har wayarsa ta ƙone."

"Da wace gwiwar?"

"Da wadda na goya ka, mara kunya. Kai, ga shawara. Kai ta akurki. Can ne ake motsi ba fashi, sai ya ji daɗi ya ce Inna ta samu lafiya."

"In ya buɗe ya ga zakara fa?"

"Ya gaishe shi. Ko kuma ka mayar masa da abarsa, a kafa a nasa falon, a kawo mini wayar. Ni ma ina so in ga abin da ke hana shi zuwa gida."

Khubaib ya zauna a matakalar tsani, ya share gumi.

"Hajiya, kin hana ɗaki, kin hana falo, taga kuma labule ya hana. Shi ke nan. Ina akwatinki? In fara haɗa miki kaya. Can za a ba ki ɗaki mai sanyi, a kulle, a riƙa turo miki shayi ba sukari. In kin ce kina son daddawa a ce tana wari."

Da wasa ya faɗa, amma ita ba ta ɗauke shi wasa ba. Ta dubi bangon da ta shafe da hannunta, ta dubi tsakar gidan da ta yi wa daɓe tana amarya, tsoro ya kama ta sosai. Ita kuwa Hajiya in ranta ya ɓaci, yunwa ke taso mata. Ta tuge ɗankwali ta yar, ta zauna a tabarma ta miƙe ƙafafu, ta jawo kwanon dafaffen rogo da garin ƙuli, ta cika baki.

Sai abar nan ta kan tebur ta juyo da kanta a hankali, ta tsaya tana kallonta.

"Salamu alaikum, Inna."

Inna lillahi! Muryar Yusha'u ce, tangaran, kamar yana tsaye a falon. Ashe tun jiya ɗan banzan yaron nan ya haɗa kyamarar da wayar ubansa ya manta, duk ƙil-ƙil ɗin nan har Abuja take zuwa. Hajiya ta tattare ƙafafu, ta fizgi labulen ƙofa ta lulluɓa, ta juya wa tebur baya. Ga rogo cike da kumatu, ba ya haɗiyuwa, ba ya tofuwa. Khubaib kuwa ya faɗo daga tsani, yana riƙe da ciki don dariya.

"Inna, kina ji na?"

Da kyar ta haɗiye. Ta harari jikanta.

"Kai, ka ce wa mai magana an amsa."

"Baba, wai an amsa. Tana cikin taro ne da rogo."

"Khubaib, rufe mini baki," in ji uban. Sannan ya ci gaba, murya ƙasa-ƙasa. "Inna, ki gafarce ni, na rufe hoton, murya ce kawai. Ni ba ɗakinki nake son gani ba, ba abincinki ba. Ranar nan ina ofis ina shan shayi ina dariya da mutane, ke kina kwance a ƙasa kina kira ba mai ji. Tun ranar ba na iya barci. So nake kawai in san kin tashi."

Hajiya ta ji tausayinsa ya cika mata ƙirji, irin wanda ta saba ɓoyewa tun yana jariri, lokacin da sai ta faki ido take ɗaukarsa. Ta goge ido da labule.

"Ka ce masa an ji. Ka ce ya koma bakin aikinsa, kada a kore shi a ce ni ce."

Da muryar ta ɗauke, ta miƙe, ta saki labulen.

"Ɗauko abar taka, biyo ni. Bar tsanin nan, ba hawa za ka yi ba."

Ta kai shi ɗan lungun da ke tsakanin ɗaki da tsakar gida, inda butarta ke zama. Ta nuna bango, ƙasa can, daidai ƙwauri.

"Nan. Ka sunkuyar da kanta ƙasa."

"Haba Hajiya! Kyamara a sama ake kafa ta. Nan ai ƙafafu kawai za ta gani."

"Su nake so ta gani. Ba labule a nan, ba fanka, kaza ba ta shigowa, baƙi ta ɗaya ƙofar suke bi. Ni kaɗai ke wucewa, kuma kowace salla sai na zo ɗaukar buta. Ya ce so yake ya san na tashi. To ga tashi."

Khubaib ya durƙusa, ya auna, ya duba waya. Buta ta fito, da bakin ƙofa, da ƙafafu biyu.

"Wallahi ta zauna," ya ce. "Kin ci ni, tsohuwa."

"In ta yi ƙara da asuba, ya bar ni a gidana. In ta yi da azahar, ya bar ni a gidana." Ta gyara tsayuwa, ba ta dube shi ba. "Ranar da lokacin salla ya wuce ba ta yi ba, ka ce masa kada ya yi gudu a hanya. Ya taho a hankali."

Khubaib ya jawo kayan aikinsa. Ya sunkuyar da kai ya kama huda bango, ya daɗe yana ɗaure abin da ya riga ya ɗauru. Hajiya ta ga hancinsa na motsi kamar mai shirin kuka, ta ga abin zai yi nisa.

"Kai, miƙo wayar in gani."

Ta kai ta kusa da ido, ta nisanta, ta sake kusantowa.

"La'ilaha illallahu! Ƙafar wa ce wannan?"

"Taki ce, amarya." Ya yi murmushi. "Wannan kaushin ai ko ashana aka ƙyasta sai ta kama."

"Abar ce ba ta iya hoto ba."

"Ita abin da ta gani take faɗa."

Hajiya ta tuntsire da dariya har tana dafa bango. Ta shiga ɗaki ta fito da ƙullin dambun nama, ta cusa masa a aljihu.

"Ungo, angon banza, na mayar da auren. Maza ka hau babur ɗinka ka je kasuwa ka sayo mini lalle da man shafawa kafin azahar. Ƙafar da za ta riƙa zuwa Abuja kullum ba za ta je a haka ba."