Ranar da Na Je Kallon Waƙa Goye da Injin Feshi

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da na je kallon mawaƙa goye da injin feshi ba, kuma ko na so in manta mutanen garinmu ba za su bar ni ba. Har yau idan na wuce majalisar bakin kanal, sai wani ya yi gyaran murya ya ce, "Malam ƙarami, yau ba feshi?" In yi murmushin dole, in ƙara sauri. Su abin dariya suke tunawa. Ni kuwa abin da nake tunawa ba ya ba ni dariya ko kaɗan.

Garinmu yana tsakanin Kura da Bunkure, kuma gidanmu gidan malamai ne. Mahaifinmu, wanda kowa ke kira Malam, shi ke da Islamiyyar unguwa. Ni ne babban ɗansa, da safe ina koyarwa a can, da yamma in tafi gonar tumatir. Ƙanena Sagiru kuwa waƙa ce ta ɗauke masa hankali. Shi da abokansa uku suka haɗa 'yar ƙungiya: mai fiyano, mai jita, mai kalangu, shi kuma da muryarsa. Ba su da ubangida, ba su da situdiyo, duk inda aka ba su ɗaki da janareta nan ne dandalinsu.

Abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba shi ne, ni na fara koya masa. Muna ƙanana, idan aka tura mu korar tsuntsaye a gonar shinkafa, ni ke kaɗa tsohon galan, shi ke rerawa. Da na girma aka fara ce min Malam ƙarami, sai na ninke wannan rayuwar na tura ƙarƙashin katifa. (Ban jefar ba fa. Har yanzu idan ina ban ruwa ni kaɗai, yatsuna suna kiɗa a jikin tiyo.)

Da maganar ƙungiyar ta kai kunnen Malam, sai ya kira mu zaure. Bai yi faɗa ba, ya dai juyo gare ni ya ce, "Kai me ka gani?" Ni kuwa don a ce ina da hankali, na gyara zama na zuba wa'azin da ba wanda ya roƙe ni, a kan mutuncin gida da abin da mutane za su ce. Sagiru kansa na ƙasa har na gama. Da muka fito ya tare ni a ƙofar gida.

"Yaya, ranar Asabar muna da wasa a tsohon siton shinkafa. Ko sau ɗaya ka zo ka ji. Wallahi daga gidanmu ba wanda ya taɓa zuwa."

Na ce, "Allah ya kiyaye!" Da ƙarfi na faɗa, don Malam ya jiyo daga ciki.

Amma Asabar na yi, zuciyata ta ƙi zama. Mai gari ya ba su izini ne daga la'asar zuwa kafin magariba, wato da sauran hasken rana, kowa na ganin kowa. Sai dabara ta faɗo min, irin wadda a lokacin na ɗauka ba ta da na biyu. Na sa tsohuwar rigar gona da takalmin roba, na kifa malafa, na rufe baki da hanci da ƙyalle kamar yadda masu feshin magani ke yi, na goya injin feshinmu. A lokacin rani mutum ɗari za ka gani da wannan shigar a bakin hanya, ba mai kallonsu sau biyu. Na ce wa matata tsutsa ta shiga tumatir. Ta dube ni ta ce, "Ba jiya kuka yi feshin ba?" Na yi kamar ban ji ba.

Siton ɗaki ne dogo mai rufin kwano a gefen ƙaramin kanal, har yanzu yana warin dusa. An jera bencina da aka aro daga gidan kallon ƙwallo, mutane ba su wuce cikin aji guda ba, yawancinsu samari da 'yan ƙwadagon gona. Zafi kamar a cikin tukunya. Na raɓe a bencin ƙarshe, injin yana bayana don ba inda zan ajiye shi. Ƙungiyar da ta fara wasu samari ne daga wajen Kumbotso, sun yi tsalle-tsalle da ihu, janareta ya mutu sau biyu, suka sauka ba wanda ya nemi ƙari.

Sannan su Sagiru suka hau. Ya rame a idona, rigar ma ta aro ce, ta yi masa yawa. Mai kalangu ya fara a hankali, jita ta bi shi, sai ya buɗe baki. Waƙar tumatir ce, ta shekarar da kasuwa ta faɗi muka zubar da kwanduna a bakin titin Kadawa, muka koma gida ba mai yi wa wani magana. Amshin yana cewa, "Mun ba ta ruwa, mun ba ta barcinmu, ga ta nan ja wur a bakin hanya." Wani dattijo da ke gabana ya cire hula yana share fuska. Ni ma hawaye suka jiƙa ƙyallen da na ɗaure, don a shekarar ni da Sagiru muka ɗauki kwandunan nan a kai. Ban san yaron nan yana ɗauke da abin a ransa haka ba, kuma ban taɓa jin alfahari da wani kamar yadda na ji a wannan lokacin ba.

To ga inda wautata ta fito. A wajenmu injin feshi da injin ban ruwa kayan aro ne, yau yana gidan nan, gobe yana gidan can, shi ya sa kowa ke rubuta sunan gidansa a jiki. Namu an rubuta GIDAN MALAM da jan fenti, baƙaƙe manya-manya, a baya da kuma gefe. Wanda ya rubuta da hannunsa kuwa shi ne Sagiru. Na rufe fuska, na rufe kai, na goyo allon sanarwa.

Waƙa na ƙarewa na juya don in gyara igiyar kafaɗa, sai idonsa ya sauka a kan jan fentin. Na ga fuskarsa ta washe kamar ta ranar sallah. Kun san al'adar mawaƙanmu: idan babban baƙo ya shigo, sai an ambace shi, shi kuma ya taso ya zo gaba ya ɗaga hannun mawaƙi, ko da ba shi da abin liƙi. Sagiru ya riƙe makirufo da hannu biyu.

"Jama'a, ku taya ni godiya ga Allah. Yau Yayana ya zo. Shi ya fara koya min kiɗa a gonar shinkafa. Yaya, taso, don Allah taso!"

Sai a lokacin na tuna cewa sun ɗaure lasifika guda a kan rufi, tana fuskantar cikin gari, saitin inuwar da Malam da abokansa ke zama bayan la'asar. Duk ɗakin ya juyo ana tafi. Na miƙe, tafi ya ƙaru. Daga inda nake zuwa wajen Sagiru bai fi taku goma ba, zuwa ƙofa kuma taku uku. Na zaɓi ukun.

Ƙofar ba ta da faɗi, hannun injin ya maƙale a jikin katako. Na fizga, ya sake ni gaba ɗaya, takalmin roba ya zame a kan taɓo, sai ga ni tsundum cikin kanal. Ruwan bai wuce gwiwa ba, amma da baya na faɗa, injin a ƙasa, ƙafafuna a sama kamar kunkurun da aka kifar. Malafa ta bi ruwa ta nufi Bunkure, ƙyalle ya kwance, fuskar Malam ƙarami ta bayyana ga duk wanda ya leƙo. Aka fashe da dariya, har da masu riƙe ciki.

Ina kwance cikin ruwan na ji muryar Sagiru ta fito daga lasifikar, ƙasa-ƙasa, zuwa ga garin duka.

"A yi haƙuri, jama'a. Kuskure na yi, ba Yayana ba ne. Wani ne ya ari injinmu."

Ya yi ƙarya don ya rufa min asiri, a daidai lokacin da na guje shi a gaban mutane. Wallahi da ruwan ya kai zurfin da zai shanye ni, da na gode masa.

Na isa gida jiƙe sharkaf, na tarar da Malam a zaure yana alwalar magariba. Na tsaya ina jiran hukuncin da na yi shekara da shekaru ina tsoro. Ya dube ni daga sama har ƙasa, ya ce, "Na ji waƙar daga nan, ban ji ashar a ciki ba. Kai kuma tun da ka riga ka je, me ya hana ka ƙarasa wurin ɗan'uwanka?" Ya ɗauki butarsa ya fita. Ashe dodon da nake gudu ni na ƙera shi da hannuna.

Sagiru bai taɓa tayar min da maganar ba. Yana gaishe ni da ladabi kamar baƙo, har aka gama cire tumatir, sannan ya haɗa jakarsa ya tafi Kaduna. Duk sabuwar waƙar da ya yi, wayar Innarmu yake turo wa, ni kuma sai in ari wayar da sunan zan duba mata caji. Na sha rubuta masa saƙo in goge.

Darussan da na koya guda biyu ne, kuma duka a makare. Idan za ka ɓuya, kada ka goya abin da ke ɗauke da sunan gidanku. Idan kuma ƙanenka ya kira ka a gaban jama'a, ka amsa, don kanal ɗin yana nan kullum, shi kuwa kiran sau ɗaya aka yi min shi.