Sandar Tarihi a Tukunyar Tuwo

Ni da bakina na ce zan tuƙa tuwo. Turawan ƙasar Ayalan da nake wa girki a Jidda suna bikin tunawa da kafa ƙungiyarsu ta ƙwallo da wasan sanda, ni kuwa ina cika baki cewa duk unguwar Kurayyat babu hannu irin nawa.

Muciyata ta yi wa tukunyar kaɗan. Sai na hango wata rataye a bango, doguwa mai faɗin kai, duk an ɓata ta da rubutu. Na sa soson ƙarfe na goge ta tas, har ina tsaki.

Ina cikin tuƙi dattijonsu ya shigo da baƙi, zai nuna musu sandar farko ta ƙungiyar, mai ɗauke da sa hannun waɗanda suka kafa ta, yawancinsu sun rasu. Ya dubi bango, ya dubi tukunya, ya zauna a ƙasa.

Abokin aikina Idi ya raɗa min, "Halas, shi ke nan ɗan'uwa, yi bankwana da iƙama, takardar zamanka a ƙasar nan."

Da ma korata suka yi, na huta. Yanzu duk sabon ɗan wasa sai an kawo shi kicin ya gan ni. Tarihin ƙungiyar ma kashi biyu suke ba da shi: kafin tuwo da bayan tuwo.