Ƙanƙarar da Na Saukar a Bwari

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na saukar da ƙanƙara a Bwari ba, ana tsakiyar zafin bazara kuwa.

Lokacin ban daɗe da dawowa daga kwas a ƙasar Turawa ba, kaina ya kumbura, kowace magana sai na ce "a can ba haka ake yi ba". Kamfaninmu ya samu aikin jan layin wuta zuwa wasu ƙauyukan Bwari. Rifkatu, abokiyar aikina 'yar Jos, ita ta lissafa ƙarfin iskar da turaku da wayoyi za su iya jurewa, Oga ya ce in duba. Ya kuma ce wanda ya fi nuna ƙwarewa a cikinmu shi zai jagoranci aikin. Ni kuwa wallahi har mafarkinsa nake yi.

Na zuba alƙalumanta a manhajar da ke kwamfutata, sai ga ja ko'ina, wai turaku sun gaza. Mai hankali zai taka zuwa teburinta ya ce zo mu gani. Ni fa? Na adana abina sai ranar taro (har sabuwar shadda na sa, Allah ya yafe mini).

Na miƙe gaban Oga da mutanen ma'aikatar da ta ba mu aikin na ce, "Ranka ya daɗe, iskar farkon damina ɗaya za ta kwantar da layin nan."

Rifkatu ba ta yi gardama ba. Ta ce, "Injiniya, don Allah buɗe mana shafin yanayi a allo."

Na buɗe ina wani hura hanci. Ashe a kan fayil ɗin kwas na ɗora aikin, mai ɗauke da yanayin hunturun ƙasar Turawa, ban sauya komai ba. Kowace waya an naɗe ta da ƙanƙara mai kaurin yatsa, ga iska tana dukanta. Ai dole turaku su faɗi!

Oga ya cire tabarau ya ce, "Bwarin wace ƙasa ce wannan?"

Rifkatu ta ce, "Oga, ko a Jos ɗinmu in ta zubo narkewa take yi."

Wuri ya kaure da dariya. Kunya ta kashe ni, gumi ya jiƙa ni sharkaf duk da sanyin ɗakin. Da aka cire ƙanƙarar, lissafinta ya fito tsaf. Ita aka ba aikin, aka sa ni a ƙarƙashinta.

Yanzu ko me kwamfuta ta ce mini, sai na leƙa taga na tabbatar da garin da nake kafin in buɗe baki.