Zariyar Wandona da Darasin ADN

Shekarata ta biyu ina koyar da siyans, wato kimiyya, a kolejin Bouza, inda ake kiran malami "Mushe" irin na Faransanci, anspektar ya zo daga Tahoua ya duba aikina. Darasin ranar kan wani birus ne mai kashe bakteriya: kai cike da ADN (zaren gadon halitta), wutsiya, da ƙafafu shida. Na haɗa samfurinsa da gora, kara da waya, na tabbata ko a Niamey ba a taɓa yin irinsa ba.

Sai a bakin aji na tuna ban kawo igiyar da za ta zama ADN ba. Na zare zariyar wandona, na ninka ta biyu, na murɗe, na cusa cikin gorar. Na amince tumbina zai riƙe wandon.

Na ɗaga gorar sama da hannu biyu, na ce, "Birus yakan tura ADN cikin bakteriya, rigarsa ta tsaya waje."

Nan wandon ya sauka har idon sawu.

Anspektar ya gyara tabarau, ya ce, "Ci gaba, Mushe, mun gane."

Yau ɗaliban nan sun yi furfura, amma in mun gamu a kasuwar Madaoua, sai sun tambaye ni, "Mushe, yau an ɗaure ADN da kyau?"